Hancin Baban Tirza

Tirza Buzaglo 'yar mai fentin gidaje ce a Ashdod, da ragowar fentin babanta ta koyi zane. Ta yi shekaru tana koyar da zane a makarantar 'yan mata, nata aikin kuwa sai ranar Juma'a, kafin hutun Asabar ya shiga.

Ran da aka fara baje kolin zanenta, ɗalibanta suka cika ɗakin har bakin titi. Sai ga tsohon babanta da sandarsa, ya tsaya gaban hotonsa.

"Ke Tirza! Wannan uban hancin nawa ne?"

"Naka ne, Baba, har na rage maka!"

Ya ƙyalƙyale da dariya, yana ta jawo baƙi su zo su gani. Tirza ta rasa inda za ta sa kanta don murna.