Daga Anka Zuwa Gummi da Ɓeran Masar a Kwali

Anka

Ana idar da sallar asuba na wuce gida kai tsaye, ban tsaya gaisawa a ƙofar masallaci ba. Damina ce, an kwana ana yayyafi. Shekarun nan ne da ba a daɗe da ba mu jihar Zamfara ba, wayar hannu ba ta iso Anka ba tukuna. In kana son jin lafiyar wani, sai dai ka tambayi direba ko ka tafi da ƙafarka.

Na ɗauko kwalin sabulu da na huhhuda tun jiya, na shimfiɗa ƙyallayen da suka rage a shagona, da yake ni tela ne, na sa Maigari a ciki. Maigari ɓeran Masar ne, fari mai ɗigon ja a ƙeya, kuma na ɗiyata Uwani ne. Ita ta raɗa masa sunan, wai don ba ya komai sai zama ana kawo masa abinci. Mahaifiyarta Rabi ce ta saya mata shi kafin ciwon da ya ɗauke ta. Bayan sadakar arba'in, kakarta ta wajen uwa, Hajiya, ta zo daga Gummi ta ce a ba ta yarinyar ta riƙe. Ban iya musa mata ba, ita ma ɗiya ta rasa. Sai dai ta ce ba a shiga mata mota da ɓera. A tasha Uwani, tana shekara bakwai, ta miƙo mini shi ta ce in riƙe mata.

Tun daga nan sau ɗaya na gan ta, da ƙaramar salla. Ɗiyar fari ce, ba a nuna mata so gaban mutane, kuma wanda ya cika zirga-zirga gidan surukai sai a ce bai yarda da riƙon da ake yi ba.

Kyanwar maƙwabta ce ta yage wa Maigari fata a kafaɗa. Na wanke da ruwan gishiri, na shafa masa shuɗin maganin nan da ake sa wa yara a gyambo. Wurin ya kumbura, ya fara wari, ƙudaje suka same shi. Ya bar cin ciyawa, ya bar kukan da yake tashe ni da shi da safe. Da na je ofishin dabbobi na garinmu aka ce malamin ya bi ayarin rigakafin shanu, suna wajen Bukkuyum.

Inna, mahaifiyata, tana bakin murhu da na fito. Sunan Inna ɗiyata ta ci, shi ya sa ba a kiran yarinyar da sunan yanka, sai Uwani.

"Ina zuwa Bukkuyum, Inna. In Allah ya so yau zan dawo."

Ta dubi kwalin, ta dube ni. Ta shiga ɗaki ta fito da ƙullin ƙuli-ƙuli a leda.

"In ka kai Gummi ka ba takwarata."

"Bukkuyum na ce, Inna."

"Na ji. Allah shi kiyaye hanya."

Hanyar Bukkuyum

A tasha na sami fijo mai ɗaukar mutum tara, ana cusa goma sha. Ba ta cika ba sai da hantsi ya ɗaga. Direban ya so ya ɗaure kwalin a saman mota tare da buhunan albasa, na ce a cinyata zai zauna. Ya leƙa ta huda ɗaya, ya yi dariya, ya ce to shi ma fasinja ne.

Gero ya kai ƙugu hagu da dama, hanya duk ramuka cike da ruwa. Duk sanda mota ta faɗa rami sai in ɗaga kwalin sama don kada ya bugu. Kusa da ni wani dattijo Bafulatani ne da sandarsa tsakanin gwiwoyi. Warin ya kai masa, ya nemi in buɗe. Ya daɗe yana kallo.

"Tsutsa ta shiga," ya ce. "Da maraƙi na, da yanzu na san abin da zan yi. Wanga kam ƙanƙane na, maganinmu kashe shi zai yi."

Ya sa hannu ta taga inda muka tsaya sauke wata mata, ya tsinko ɗanyar ciyawa ya sa a gaban Maigari. Bai taɓa ba.

A shingen 'yan sanda wani kofur ya nuna kwalin da baki.

"Mi ke ciki?"

"Ɓeran Masar na, ranka shi daɗe. Asibiti za mu."

Ya buɗe da kansa, ya ja da baya saboda wari, sannan ya kira abokin aikinsa ya zo ya ga mutumin da ya biya kuɗin mota don ɓera. Mutanen cikin mota suka yi dariya, ni ma na taya su. Ban gaya wa kowa ko na wane ne ba.

Bukkuyum

A mararraba na sauka, na hau kabu-kabu zuwa cikin gari, kwalin a tsakanina da mai babur. Mun isa kafin azahar. Ofishin dabbobi ɗaki biyu ne da inuwar darbejiya a gaba. Mai gadi ya ce duk sun shiga rugage tun sassafe, in jira.

Na jira. Na yi azahar a nan, na sayi fura a wurin wata mai tallan nono, na sha rabi na kasa ƙarasawa. Nakan tsoma yatsa a ruwa in ɗiga wa Maigari a baki. Wata makarantar allo tana bayan ofishin, da aka tashi 'yan mata suka wuce da allunansu a ka. Na tsinci kaina ina auna tsawonsu, ina cewa yanzu Uwani ta kai wannan, ko kuwa ta kai waccan. Rigar da na ɗinka mata da salla da ƙiyasi na yanka ta, ta zo ta yi mata kaɗan.

Bayan la'asar ayarin ya dawo a akori-kura, duk sun yi taɓo har gwiwa. Malamin garinmu ya gane ni, don ni ke ɗinka masa kaya. Ya duba ciwon a bayan motar, ya girgiza kai.

"Malam Sani, abin da muka zo da shi na shanu na. Sirinjinmu ya kusa kai shi tsawo. Ka kai shi Gummi, akwai likita can, shina da ƙananan kayan aiki. Kada ka wuce gobe."

Da ya ce Gummi sai na ji kamar wanda aka kama yana leƙen gidan mutane. Na yi masa godiya.

Mota ta ƙare a ranar. Na nemi shagon Garba, wanda muka koyi ɗinki tare a wurin maigida ɗaya. Ya rufe shago ya kai ni gidansa, matarsa ta aiko da tuwon dawa da miyar kuka. Ya yi mini ta'aziyyar Rabi, don ba mu haɗu ba tun rasuwar, ya tambayi yarinya. Na ce tana lafiya, haka direbobi ke gaya mini. Ya ba ni tabarma da gidan sauro a zaure. Na sa kwalin a cikin gidan sauron tare da ni saboda ƙudajen safe.

Gummi

Motar farko na shiga. Ta Daki Takwas muka bi, aka tsaya aka ɗauki mata masu kai kaji kasuwa. Maigari yana kwance a gefe ɗaya, numfashinsa sama-sama. Na riƙa sa yatsa ta huda ina taɓa cikinsa don in tabbatar yana motsi.

Asibitin dabbobi na Gummi na same shi da tumaki a ɗaɗɗaure a ƙofa da wani jaki mai ɗingishi. Da layi ya zo kaina na ɗora kwali a tebur, ina jiran dariya. Likitan, wani siririn mutum mai tabarau, bai yi ba. Ya wanke hannu, ya ce in riƙe masa kan da tattausan ƙyalle.

Ya aske gashin da ke kewaye da ciwon da ƙaramin almakashi. Ya ɗebi ruwan magani a sirinji marar allura ya yi ta wanke ramin, ruwa na fita da mugunya. Da ɗan hantsaki ya ciro tsutsotsin ɗaya bayan ɗaya yana jefawa a tasa. Maigari ya yi ƙara, karo na farko a kwanaki, na ji daɗin jin muryarsa ko da ta zafi ce. Likitan ya yanke fatar da ta mutu, ya shafa magani, ya yi masa wata 'yar allura.

"Ba zan ɗinke ba, a buɗe zai fi warkewa. Safe da yamma ka wanke da wannan. Shimfiɗa busasshiya kullum, ka rufe shi daga ƙuda. Ɗanyen ganye ka dage da ba shi, ko ba ya so. Abu ɗaya kuma: kada wani ya ce ka buɗe kafso na mutane ka ba shi. Cikinsu ba ya ɗauka, kashe su yake."

"Sai yaushe zan dawo da shi, likita?"

"In bai sake kumbura ba, ba sai ka dawo ba." Yana wanke hannu ya tambaya, "Na yara ne?"

"Na ɗiyata ne. Nan garin take."

"To ai sai ka kai mata ta gan shi."

Na fito na tsaya a bakin titi. Tasha tana hannun dama, unguwar su Hajiya tana hagu, wajen gulbi. Na sayi goro da sabulu, na yi hagu.

Gidan Hajiya

Na yi sallama a zaure. Aka shimfiɗa mini tabarma, Hajiya ta fito ta zauna daga bakin ƙofa, na durƙusa na gaishe ta. Na ce asibiti ne ya kawo ni, na ga bai kamata in wuce ban gaishe ta ba.

"Wa ab ba lafiya?"

Na nuna kwalin. Ta leƙa, ta riƙe haɓa.

"Wagga dabba har yanzu tana nan? Tun daga Anka?" Sannan ta juya cikin gida ta ɗaga murya: "Uwani, taho ga babanki."

Ta fito da tsintsiya a hannu. Ta yi tsawo, haƙoranta na gaba sun fito sababbi, an yi mata kitso irin na mutanen Gummi. Tafiyarta ta mahaifiyarta ce sak. Ta durƙusa nesa da ni ta gaishe ni, kanta a ƙasa, kamar baƙo. Na amsa ina kallon tabarma. Na miƙa mata ƙullin Inna na ce daga takwararta.

Sai kwalin ya motsa. Ta ɗago kai. Ta yar da tsintsiyar, ta rarrafo har gwiwarta na taɓa tawa, ta buɗe.

"Maigari. Baba, mi ya same shi?"

Na gaya mata duka, kyanwa da Bukkuyum da likita. Tana saurare, hannunta ɗaya a kan bayansa, ɗayan ta dafa gwiwata ba ta sani ba. Ban motsa ƙafar ba har ta yi mini tsami. Ta ruga bayan gida ta tsinko ganyen rama, ta kai masa baki. Ya shinshina, ya ja ganyen, ya fara ci a hankali.

Hajiya ta ce rana ta yi, in kwana. Da yamma na koya wa Uwani wankin ciwon, ni na riƙe, ita ta zuba. Ta ba ni labarin makarantarsu, da yadda gulbi ya cika har kwalekwale ya daina ƙetarewa, da wata ƙawarta mai suna Balki. Ta tambaya ko har yanzu keken ɗinkina yana cin zare. Na auna ta da igiyar awo da ke aljihuna, kafaɗa da tsawo da hannu, na riƙe a ka.

Da safe ina shirin tafiya Hajiya ta ce, "Bar mata abin ta. Tun da ya zo har nan, shi zauna. Na ga ba ɓarna shikai ba."

Na ce to, na gode. Na miƙe hannu wofi. Uwani ta rako ni har bakin lungu da kwalin a rungume. A nan ta tsaya, ta miƙo mini shi.

"Ka tahi da shi, Baba."

"Ai Hajiya ta yarda."

"Na sani. In shina wurinka, in ya yi ciwo za ka sake kawo shi."

Na karɓa. Na ce ta koma gida kada a neme ta. Ban waiwaya ba sai da na kai kwana, na gan ta tana nan tsaye inda na bar ta.

Komawa gida

Mota ɗaya ta kawo ni har Anka, muka iso ana kiran la'asar. Inna ba ta tambaye ni inda na kwana ba. Ta ce, "Ta yi tsawo?" Na nuna mata da hannu a ƙirjina. Ta juya ta ci gaba da tankaɗe.

Ina godiya ga Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Ina godiya ga Garba da iyalinsa, da malamin da ya nuna mini hanya, da likitan da bai yi mini dariya ba, da Hajiya da ta riƙe mini yarinya riƙon da ba zan iya biya ba.

Ciwon ya kame, ya bushe, gashi ya rufe wurin kafin a yanke gero. Kowace safiya nakan ɗaga Maigari in buɗe gashin kafaɗarsa in duba ko ya kumbura. Bai sake kumbura ba. Sai in yi hamdala, in mayar da shi, in daɗe a tsugune a wurin kafin in tashi in tafi shago.