Yaya Haladu da Galan ɗin Fetur

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina karyawa da safen nan 'yarsa ta kira ni daga unguwar Plumstead ta London, ta ce Yaya Haladu ya rasu.

Har yanzu shayin yana nan a kofi, ya huce.

Ba uwa ɗaya ta haife mu ba. A London na same shi, shekarun saba'in, lokacin da arzikin man fetur ya buɗe, gwamnati tana ta turo mu koyon aikin gwajin mai. Ya riga ni zuwa da shekara biyu. Shi ya tarbe ni, ya ba ni tsohon kwat ɗinsa, ya samo min ɗaki kusa da nasa a Woolwich.

Satina na farko malaminmu ya ce gobe za a yi flash test. Ni kuwa flash ɗaya na sani a duniya, wutar kyamara. Na goge babbar rigata, na kafa hula, na shiga lab ina ƙamshin turare. Kowa da farar rigar aiki, ni kaɗai kamar ango.

Yaya Haladu ya yi dariya har da riƙe bango. Ya ce, "Ƙanena, ba kai za a ɗauka ba, mai za a ɗumama." Daga nan ya bayyana min cewa kowane mai yana da zafin da idan ya kai, tururinsa zai kama wuta fau da zarar an kusanto da ashana. Shi ake kira flash point.

Na ce na gane. Ashe ban gane ba.

Wata Asabar da safe, sanyi kamar zai tsinke yatsu, kananzir ɗin hita ɗina na ɗumama ɗaki ya ƙare. Na ga galan ɗin fetur na babur ɗin mai gidanmu a bayan gida, na ce ai mai duk mai ne. Na buɗe murfin hita, na karkata galan ke nan sai Yaya Haladu ya shigo. Ya cafke hannuna, ya fizge galan ɗin ya yi waje da shi, ya dawo ya wangale taga.

Ya ce, "Kananzir sai ya ji ɗumi yake kamawa. Fetur ko a cikin ƙanƙara a shirye yake. Gidan Bature za ka ƙone mana, ko kanka?"

Bai ƙara faɗa ba. Ya ja ni ɗakinsa ya dama mana kunu, kuma bai taɓa ba kowa labarin ba. Yau ni na tona kaina.

Da muka tsufa, wayar hannu ta zo, sai ya samu wani flash ɗin. Duk Juma'a zai yi min filashin sau ɗaya ya kashe. In na kira, ya ce, "Ba komai, ina raye ne kawai."

Watan jiya na je duba shi. Ya rame, amma bakin na nan. Ya sa jikarsa ta ɗauke mu hoto, ya ce min, "Gyara hularka, yau kam da gaske ne."

Allah Ya jiƙan Yaya Haladu, Ya haskaka kabarinsa, Ya ba iyalansa haƙuri. Duk wanda ya karanta wannan, don Allah ya sa shi a addu'a, ko da sau ɗaya ne.