Shekarar da Gola Ya Ƙi Faɗuwa

Duk mai ba ku tarihin kulob ɗin garinmu zai ce ma'aikatan gidan gurzar auduga ne suka kafa shi. Gaskiya ne, amma rabinta. Kafin a kafa ƙarfen raga ko ɗaya, filin nan masussuka ne, kuma ƙafafun iyayenmu mata ne suka daɓe shi ya yi sumul har maza suka gani suka yi sha'awa. Baffana, wanda ya fara tsaron gida ba takalmi, ya sha faɗa mini cewa roƙon iyayen namu mata suka yi kafin su buga tamaularsu ta farko. Aka yi yarjejeniya da baki: in kaka ta yi, daga hantsi zuwa la'asar fili na mata ne, mu shanya masara da barkono. In an sallame la'asar, mu kwashe, su shigo.

Haka na tashi na gani, haka na yi aure na ci gaba. Ban taɓa zama na kalli wasa ba, amma na san kowane lungu na filin fiye da alƙalin wasa. Kafin mu baza shanya sai mun bi shi da fartanya da tsintsiya, don ba mai son ƙaya a tuwonta. 'Yan wasan kan taya mu jan tamfol in lokaci ya ƙure, suna ɗibar gyaɗarmu suna cewa albarka suke sa mata.

Kulob ya girma. Aka fara biyan albashi, aka sayi mota mai rubutu a jiki, ana zuwa garuruwa ana dawowa da kofi ko da kunya. Sai aka yi sabon shugaba, wani Alhaji da ya daɗe a birni. Ya kewaye filin da waya, ya sa ƙofa da mai gadi. Wai baƙi sun zo sun tarar da totuwar masara a wurin buga fenareti, sun yi mana dariya. Wai kulob na ƙwararru ba ya haɗa fili da barkono.

Muka je mu bakwai. Ya karɓe mu da fara'a, ya kira ni Hajiya alhali ko filin jirgi ban taɓa gani ba, sannan ya tambaya ko akwai takarda. Babu. Lokacin ma ina shekarata ta farko a ajin yaƙi da jahilci, ina kokawa da baƙaƙe da jika a bayana.

A wannan kakar na shanya masarata a tsakar gida, inda rana ba ta awa uku. Ruwan ƙarshe ya same ta bai bar ta ta bushe ba, ta yi funfuna, har kaji suna yi mata kallon raini. Abincin gidana na shekara ke nan. Matan da ke da 'yan'uwa a Kafur da Tsiga suka kai tasu can, ni ba ni da kowa. Na ce idan wata kakar ta zo a haka, noman ma na bari.

To, abin da Alhaji bai sani ba, kuma mu ma ba mu taɓa lissafa shi a matsayin aiki ba, shi ne ƙayar nan. Damina ɗaya ba fartanyarmu, tsidau da ƙarangiya suka ce yau ga ranarmu. Aka kawo injin yankan ciyawa, ya aske kan, ya watsa irin ko'ina. Ƙwallo ta riƙa sacewa tun ba a je hutun rabin lokaci ba. Wanda ya faɗi sai ya tashi yana rawar da ba kiɗa.

Golanmu a lokacin ɗan wani Ibo ne mai sayar da kayan babur, haifaffen garin, Hausarsa ta fi ta wasu malamai. A wani wasa da baƙi aka buga masa fenareti, ya tsaya ƙyam kamar turke, ƙwallo ta gangara ta gefensa a hankali ta shige. Da koci ya taso masa, ya ce shi an ɗauke shi tsaron raga ne, ba kwanciya a kan allura ba, in ana so ya faɗi a dawo da iyayensa mata. Kafin magariba maganar ta gama gari.

Bayan kwana uku Alhaji ya yi sallama a ƙofar gidana, golan na biye da shi yana ƙunshe dariya. Bayan gaisuwa mai tsawo ya ce a yi haƙuri, a koma yadda ake.

Na ce, "Alhaji, akwai takarda?"

Ya gyara hula.

Na ce, "Ta baki ce kuka cinye. Wannan karon a rubuta, a manna a ƙofa, kuma ni zan karanta kafin a manna."

Washegari sakatare ya kawo ta. Na zauna a kan turmi na bi ta da yatsa, ya kusa rabin awa yana tsaye. Sun rubuta an yi wa mata alfarma. Na ce a goge, a sa cewa masussukar mata ce tun kafin kulob, kuma daga hantsi zuwa la'asar tasu ce. Ya goge, yana gunaguni.

Sati guda muka yi muna cire ƙaya, golan na kawo mana ƙosai. Masarata ta wannan shekarar ta bushe har tana ƙara a haƙori. Takardar na nan a ƙofa, an sa mata gilashi, ƙasa da hoton kofinsu na farko. In na zo wucewa da tamfol nakan tsaya in sake karantawa, ko wani ya taɓa mini ita.