Yadda Teku Ta Ƙwace Mini Majalisa

A shekarun da kuɗin mai suka fara yawo a ƙasar nan ina ɗinki a Birnin Kudu, kuma abin taƙamata ba keken ɗinki ba ne, majalisa ce. Tun zamanin mahaifina, da an idar da la'asar dattawan unguwa ke shimfiɗa tabarma a ƙofar shagonmu har magariba. A nan ake naɗa gwamna a tuɓe shi kafin in gama ƙafar wando.

Wanda ya ƙwace mini ita abokina ne. Rana ɗaya aka yi mana kaciya, kuma ya fi ni kuka, ko da zai musa. Direban babbar mota ne, yana kai shanu Ikko, can bakin teku, ya dawo da siminti. Wata dawowa sai ga shi da akwatin gilashi da bai fi rediyo girma ba, da kifaye biyar a ciki: mai rawaya, shuɗi, wani mai zane kamar atamfa, ga kuma wani dutse mai rassa da ya ce wai yana da rai. Ruwan ma na teku ne, a duro yake ɗauko shi. Wata 'yar na'ura da ya haɗa da batirin mota ita ke busa musu iska.

Ranar farko mutum biyu daga majalisa suka ce bari su leƙa zaurensa su dawo. A rana ta uku ni da tabarma muka yi hira, ita ma ba ta ce komai ba.

Na yi haƙuri, na ce abin yayi ne. Ashe somin-taɓi ne. Bayan damina Direba ya ce kifayensa sun takura, ya sauke wani akwatin da za a iya yi wa jaki wanka a ciki. Ƙarti takwas suka ɗauke shi. Ta tagar shago na ƙirga, don ni ban je ba, ina da aiki.

Washegari ya zo yana murmushi.

"Tela, ƙaramin nan ya yi mini kaɗan. Ka ɗauka ka ajiye a shago."

"Alhaji Direba, ni da nake ɗinka sabo ba na sa kwance."

"To Allah ya huci zuciyarka."

"Wa ya ce maka ta yi zafi?"

Ta yi. Da an ɗora tukunya a ƙirjina a ranar, da wake ya dahu.

Sai na yanke shawarar yin nawa, wanda zai fi nasa. Na samo gilashin gaban wata matacciyar mota wajen kanikawa, magini ya gina mini kwami a gefen shago ya liƙa gilashin a gaba. Na hau keke har Gwaram wajen wani masunci, na dawo da karfasa goma sha biyu da tarwaɗa ɗaya a cikin garwa. Saura sirrin. Na zauna na yi nazari irin na masu ilimi, na gano abu biyu ne suka raba teku da kogi: gishiri da shuɗi. Na ce lalle su ne ke rina kifi. Na zuba gishiri kwano uku, na shiga gida na kwashe bular wankin uwargida na ƙara. Ruwa ya yi kyau ƙwarai. Na bi gida gida na gayyaci majalisa.

Da la'asar suka zo, har da babbansu, wani dattijo mutumin Zandam da ya yi shekara talatin yana zama a tabarmarmu. Na yaye buhun da na rufe gilashi da shi. Karfasa goma sha biyu duk sun juya ciki sama. Tarwaɗa kaɗai ke motsi, ta manna gemu da gilashi tana kallona irin kallon da alƙali ke yi wa ɓarawo.

Dattijo ya gyara hula. "Ɗana, rini ka koma?"

"Baba, hutawa suke yi."

"Ai kuwa sun samu hutu mai tsawo."

Aka yi dariya har wani ya ƙware da goro, sannan suka miƙe suka nufi zauren Direba. Uwargida ta ce ba za ta soya shuɗin kifi ba. Kyanwa ma ta sunsuna ta wuce. Tarwaɗa na mayar da ita kogi tare da ba ta haƙuri.

Na cire rai ke nan. Bayan mako uku, ina taka keken ɗinki, sai na ji an ce, "Ina tabarmar?" Dattijo ne. Kafin magariba sun kai shida.

"Baba, teku ta ƙafe ne?"

"Teku ta cinye zaure. Muna zaune gwiwa na taɓa haɓa. Kuma doka ta yi yawa: ba a shan taba, ba a tofar da goro, ba a ɗaga murya, wai kifi na firgita. Jiya muna musu a kan ko za a yi ruwa, ya ce mu yi a hankali. Ka taɓa jin musu a hankali?"

Ranar Juma'a sai ga Direba da kansa, riƙe da buzunsa.

"Tela, akwai wuri?"

"Ka bar baƙinka su kaɗai?"

"Ba sa amsa sallama."

Na matsa masa. Majalisa ta dawo ƙofata, ba ta sake tashi ba. Sai dai daga ranar, kowace hira aka ɗauko, ko ta gyaɗa ko ta gwamna, a kan kifin Direba take ƙarewa, a tabarmata, a inuwata.

Ƙaramin akwatin na karɓa daga baya, maɓallai nake zubawa a ciki. Babban kuwa sau ɗaya na je na gan shi, wata rana tsaka da na tabbatar mai gidan yana hanyar Ikko. Mai rawayan nan ya taso ya tsaya daidai fuskata yana kaɗa jela. Ban taɓa ganin abu mai kyau kamarsa ba, kuma ban taɓa gaya wa Direba ba.