Sun ware mini kwanona a gidan suna

Na wanke hannu ke nan zan sa a tiren tuwo, a wajen sunan jikan abokina Umaru a Maiyama, sai shi Umarun ya dafa kafaɗata.

"Malam, naka shina zaure. An aje maka da cokali."

Shekaru na yi fatata tana yin farin ɓawo, tana zuba kamar dusa. Mutane suka ce kuturta ce. Bara ɗiyata ta samo mini sabuwar allurar nan da ake ajiyewa a firji, likita yana yi mini, fatar ta washe. Shi ya sa na yi ƙarfin halin zama cikin mutane.

Na buɗe masa tafukana. "Duba, Umaru. Kuma ka san ba a ɗauka."

"Ni na sani, wallahi. Su ne ba su sani ba."

Rabin masu zagaye da tiren nan ni na koya wa kimiyya a Jega. Ba wanda ya ɗago kai.

Na tashi na je zaure. Abin da ya fi ƙona ni, na cinye tuwon.

Allura ta gyara fata, ba ta mayar mini da wurin zamana ba. Da ku ne, za ku ci ko za ku tafi gida?