Yadda Albashin Ɗana Ya Kusa Raba Ni Da Gonata

Assalamu alaikum Edita da masu karatu. A lokacin da abin nan ya faru ni manomi ne a Tsafe, dattijo mai furfura har a gira, amma mai bakin da ba ya hutawa. Boko aji biyu na yi, malamin ya gaji da ni, ni ma na gaji da shi, muka rabu lafiya, don haka inda rubutuna ya karkace ku miƙe shi. Abin da na mallaka a duniya gona ce guda ta gado a bakin gari ta hanyar 'Yankuzo, da rumbu biyu, da tsohuwata uwargida, da ɗa namiji guda da Allah ya ba kan karatu, ban san inda ya gado shi ba, ba wurina ba dai. Gonar kuwa, a wanga zamani da kowa ke tsoron yin nisa cikin daji, ba sai na gaya muku darajar gonar da kana cikinta kana jin kiran sallar gari ba.

Yaron nan yana aiki a wata ma'aikata a Gusau, ya yi aure har da 'ya'ya. Sai aka yi masa ƙarin girma, ya zo gaishe mu, na tsare shi a zaure na ce sai ya faɗa mini albashin. Ya yi ta noƙewa yana sosa ƙeya, daga baya ya faɗa ƙasa-ƙasa kamar mai amsa laifi. Jama'a, da na ji sai da na dafe hulata! Ni ban iya lissafin takarda ba, da shanu nake lissafi, kuma farashin shanun da ke cikin kaina na zamanin da na sayi bijiman huɗata ne, tun yaron yana firamare. Nan take na hango bijimi biyu suna shiga gidansa duk ƙarshen wata suna kaɗa wutsiya. Ya buɗe baki zai ce Baba ai kuɗin yanzu ba kamar na da ba ne, na ce ya rufe mini baki kada ya yi wa Allah butulci. Kafin la'asar duk majalisarmu ta ƙofar masallaci ta ji labari, kuma tsakanin gida da masallaci bijiman sun haihu a bakina sun zama huɗu.

Da kaka ta zo na kai amfani gida, sai na yi abin da ko mahaukacin kasuwa ba zai yi ba. Na buɗe rumbunan nan na sayar da gero da dawa a lokacin da hatsi ya fi araha, har da na iri, har da buhunan da na saba aika wa ɗana duk shekara, don a ganina kai wa mai irin wannan albashi gero raini ne. Tsohuwata ta tsaya bakin rumbu ta riƙe ƙugu tana tambayata ko aljanu ne suka shafe ni. Na ce mata aljanun arziki ne. Ta ware abin da za ta ci, ta ce ita da awakinta ba inda za su, in je in dawo ta ji labari. Na ɗinka manyan riguna, na sayi agogon hannu wanda har yau ban iya karanta shi ba, na je majalisa na sanar cewa na yi ritaya. Akwai wani abokina tun na ƙuruciya, dillalin awaki ne, bakinsa ya fi nawa kaifi. Ya tambaye ni wace ma'aikata ce ta sallame ni, ko ma'aikatar kwasar taki ce, kuma wa zai riƙa biyana fansho, jakina? Aka yi ta dariya, na ce su yi ta yi, hassada ce.

Na sauka gidan ɗana a Sabon Gari, gidan haya ne mai ɗaki biyu da falo. Aka kwashe jikokina aka mai da su falo, aka ba ni ɗakinsu. Kai, na sha daɗi! Da safe shayi mai kauri da burodi da ƙwai, da rana shinkafa da nama, in aka ɗauke wuta in ɗaga murya in ce a tayar da janareta, tsoho yana jin zafi. Ban tsaya nan ba. Duk ɗan Tsafe da ya shigo Gusau, ko asibiti ya kawo shi ko kasuwa, sai in aika masa cewa gidan ɗana a buɗe yake, ya biyo ya ci abincin 'yan boko. Wata rana mu shida, wata rana har tabarma ta kasa mu. Matar ɗana kuwa, kun san kunyar suruki, ba ta haɗa ido da ni. In na ce an yi baƙi, sai ta durƙusa daga bakin ƙofa ta ce to Baba, ta koma madafa. Ban taɓa tambayar kaina daga ina to ɗin nan take fitowa ba.

Alamu kam sun yi ta zuwa, ni ne dai na mai da kowace abin alfahari. Firij ya ɓace daga falo, aka ce ya tafi gyara, na ce madalla, masu kuɗi ba sa zama da abu mai ƙara. Surukata tana azumin Litinin da Alhamis, sai na ga ta haɗa da Talata da Laraba, na yi ta sa mata albarka ina cewa ta fi limaminmu tsoron Allah. Aka cire jikokina daga makarantarsu aka sa su wata, aka ce don ta fi kusa. Ɗana ya rame har wuya ya fito, na gaya wa baƙina cewa haka manyan zamani suke, likita ke hana su ƙiba. Asabar da Lahadi kuma tun da safe zai ɗauki motarsa ya fita, wai taron ofis, sai yamma ya dawo jiki duk ƙura. Ni kuwa ina shelar cewa ofishin nan ba ya iya motsi sai da ɗana.

Ana cikin haka, damina ta matso, sai wani Alhaji ɗan kasuwa a Bungudu, wanda ya daɗe yana zawarcin gonata, ya sake aiko mini. Da can ko sauraren ɗan aikensa ba na yi. Wannan karon na ce me mai ritaya zai yi da gona? In sayar, in biya kujerar Makka, in dawo da haƙorin zinariya in riƙa yi wa majalisa murmushi da gangan. Ban gaya wa ɗana ba, ban gaya wa tsohuwata ba. Na kira abokina dillalin awaki ya zo ya zama shaida, muka sa ranar Asabar, ranar da na san yaron yana wurin taronsa.

Muka tsaya bakin titi inda masu ƙananan motoci ke ɗibar fasinjan Bungudu, na sha babbar riga ina ta duba agogon da ban san abin da yake cewa ba. Sai ga wata mota ta tsaya, direban ya ja wata koɗaɗɗiyar hula har gira, ya leƙo da kai yana kiran Bungudu, Bungudu, saura mutum biyu. Motar na fara ganewa, sannan muryar. Abokina ya mintsine ni a cinya ya raɗa mini cewa ga taron ofis nan ya iso, mu shiga kada a fara ba mu. Yaron ya ɗago muka haɗa ido, bakinsa ya tsaya a buɗe da rabin Bungudu a ciki. Da mai hankali ne a matsayina, da ya juya ya koma gida. Ni kuwa tsokanar da aka haife ni da ita ta motsa, na buɗe gaba na shiga, abokina ya matso ni, mu biyu a kujera ɗaya. Na tambayi direba nawa ne kuɗin mota. Ya ce a hankali Baba don Allah ka bari. Na ce ni ba baban kowa ba ne a nan, fasinja ne, ya ja mu tafi.

A baya akwai wata mata da kwandon kaya a cinya, tun da muka tashi take yi wa direba masifa kan kuɗin mota, tana cewa direbobi ba su da imani. Shi kuwa sai haƙuri yake ba ta, Hajiya ki yi haƙuri, mai ne ya yi tsada. Wani mutum kusa da ita ya ce ai yanzu ko ma'aikata kuka suke. Ta ce ƙarya ne, masu albashi su ne ke shan romon ƙasar nan. Abokina, Allah ya shirye shi, ya waiwaya ya ce ta yi gaskiya, ta tambayi tsohon nan na gaba, ɗansa bijimi huɗu yake samu duk wata. Mota ta kaure da dariya, ana ta ce mini Baba ka huta, Baba a sa mu a addu'a. Na buɗe baki zan taya su, sai idona ya sauka kan yaron. Wuyan rigarsa ya sule, gumi na bin bayan kunnensa, ya ƙura wa titi ido bai ko ƙifta ba. Nan dariyar ta fita raina, na sunkuyar da kai har muka isa.

Da fasinjoji suka sauka a Bungudu, na ce ya gyara tsayuwa a gindin wata bishiya. Ya fito ya durƙusa a gabana, na ce yau ba kunya, ya gaya mini gaskiya. Ya ce Baba albashin yana nan yadda ya faɗa, bai rage ko kwabo ba, amma baƙo ne, ba ya kwana. Mai gidan haya na jira, makaranta na jira, ga man mota, ga wuta, ga magani, ga cefanen da kullum sai ya tashi, kafin wata ya raba sai aljihu ya koma fayau. Ya ce buhunan nan da nake aikowa duk kaka su ne ke riƙe da gidan, da su matarsa ke tuwo da kunu har shekara ta zagayo. Bana buhu bai zo ba, sai ni na zo, da jama'ata. Firij ba gyara ya je ba, sayar da shi aka yi. Azumin surukata kuma, ya ce in bar shi kawai kada ya faɗa. Na tambaye shi don me bai gaya mini ba. Ya ce ya fara, na ce ya rufe baki.

Sai ya tambayi abin da ya kawo mu Bungudu. Kafin in ƙirƙiro ƙarya abokina ya zazzage masa komai, har da haƙorin zinariya. Wallahi yaron nan sai ya kama ƙafata da hannu biyu. Ya ce a ofishinsu waɗanda suka fi shi albashi ma cewa suke ya more, tunda ubansa na da gona da rumbu. In na sayar, gida biyu za su koma awo da tiya, nasa da na uwarsa, kuma kuɗin gonar kafin baɗi sun zama labari. Ni da na zo da babbar riga, sai na ji kamar tsirara nake a bakin titi.

Muka ƙarasa gidan Alhajin, ya shimfiɗa darduma, an dama fura, shaidunsa na zaune. Na gaishe shi na ce na fasa. Ya ɓata rai ya ce bai san dattijo da magana biyu ba. Na ce yau ya gani, ya ma yi sa'a bai ji ta uku ba. Furar dai na shanye ta, don ba ita ta yi mini laifi ba. A hanyar komawa kuwa na ce motar nan ba za ta tafi da kujera a banza ba. Na naɗe hannun riga na leƙa ta taga ina kwarara kiran Gusau, Gusau, saura mutum ɗaya, ko da saura uku ne. Nan da nan ta cika! Yaron yana tuƙi yana dariya yana share ido, abokina na cewa ga shi na samu aikin da ya dace da bakina.

Da na koma gidan na kasa kallon surukata. Na tsaya daga bakin madafa na ce ta yafe mini, ta ce ba komai Baba. Washegari na tattara rigunana na koma Tsafe. Tsohuwata ta dube ni sama da ƙasa ta tambaya ko hutun ya ƙare ne. Hatsin da na sayar da araha na dawo ina sayensa da tsadar da ta sa na zauna a ƙasa a kasuwa. Manyan rigunan suka tafi ɗaya bayan ɗaya, iri kuwa sai da na je na durƙusa wa ƙanena, ya ba ni bayan ya gama yi mini wa'azi. Na yi noman shekarar da bayan da ya saba da katifa, na sha wuya, amma Allah ya ba da damina. Da kaka ni da kaina na raka buhunan har Sabon Gari, jikokina suka fito suna tsalle a kansu.

Abin da na koya shi ne albashi mai yawan faɗi a baki ba shi ne arziki ba a yau. Adadin na iya girgiza tsoho irina, amma kasuwa ba ta jin tsoronsa. Ina kira ga iyaye 'yan'uwana, musamman mu na karkara: yaranmu na birni kunya ke hana su kuka a gabanmu, za su yi ta cewa to har su faɗi. Kada ka auna ɗanka da abin da yake ɗauka, ka tambayi abin da ke rage masa. Kada ka tura masa gari guda su ci, kada ka yanke masa ɗan abin da ka saba aikawa, kuma don girman Allah kada ka saki abin da ke ba ka abinci saboda kuɗin da ba a aljihunka suke ba. Ni kam ba ni da sauran hutu sai ranar da aka ɗauke ni a makara, kuma ko a ranar ina roƙon a bi da ni ta gefen gonar, in tabbatar tana nan.