Fuskar Maiwada a Akwatin Gidan Maigari

Duk wanda ya ci ƙuli-ƙulin Gurbin Bore a shekarun can, da wuya bai ci na hannun Kulsumu matar Labbo ba. Doguwar mace ce mai ƙarancin magana, wadda idan ta durƙusa gaban turmi tana matsar gyaɗa ba ta miƙewa sai ta ga man ya tsane sarai. Da wannan sana'a ta riƙe gida bayan rasuwar Labbo, da ita ta aurar da 'ya'yanta mata. Kowa a garin ya san ta da haƙuri, amma abin da aka fi yabonta da shi kunya ce.

Ɗanta na fari shi ne Maiwada. A ƙasar, uwa ba ta kiran sunan ɗan farinta, ba ta wasa da shi, ba ta tsayar da ido a fuskarsa, kuma da haka ake auna tarbiyyar mace. Wasu matan kan yi abin sama-sama don idon jama'a, su koma ɗaki su rungume abinsu. Kulsumu kuwa ta ɗauke shi da gaske, har ta wuce inda aka ce a tsaya. Ana yaye yaron kakarsa ta tafi da shi Ƙaura Namoda, can ya girma, can ya yi makaranta har ya zama malamin firamare. Idan ya zo gaisuwa da Sallah sai ya durƙusa bakin ƙofa kansa a sunkuye, ita kuma ta amsa tana kallon bango. "Wancan" take ce masa. Mata suna ta yaba mata, ita kuwa abin yana cin ta a rai, don ta fi sanin sawun takalminsa a tsakar gida da ta san fuskarsa.

Da aka yanke Zamfara daga Sakkwato a 1996, kowane gari ya ɗaga kai yana son a san da zamansa. Wasu 'yan bokon Ƙaura suka haɗa kai da 'yan kasuwa suka buɗe wata 'yar tashar talabijin a cikin tsohon siton auduga, kusa da tashar jirgin ƙasa. Kayan aikinta ba su taka kara sun karya ba: kyamara ɗaya, labule, dogon ƙarfe a bayan gini, sai janareto mai yawan tari. Tana buɗewa bayan la'asar ta rufe da kiran isha'i. A Kasuwar Daji hoton yana fita tas, a Zurmi da ɗan yayyafi, mutanen Shinkafi kuwa sai sun ɗaure eriya a kan gora biyu sun haɗa da addu'a. Da aka nemi mai karanta labarai da sanarwa da Hausa, aka ce ga wani malamin makaranta mai daɗin murya. Aka ɗauki Maiwada.

A duk Gurbin Bore akwatin talabijin ɗaya ne, na gidan Maigari, baƙi da fari, mai aiki da batirin mota da ɗan kabu-kabu ke kaiwa caji Zurmi. Uwargidan Maigari, Fatimatu, ƙawar Kulsumu ce tun suna 'yan mata. Ita ta aiko mata wata rana cewa ta zo ta taya ta ɓarar gyaɗa, ba ta gaya mata komai ba.

Kulsumu tana zaune da faifai a cinya aka kunna akwatin. Aka yi ta juya gorar eriya daga waje, yayyafin ya washe, sai ga mutum zaune da hula da babbar riga ya yi sallama. Muryar ta fara ganewa. Ta yi maza ta kau da kai kamar yadda ta saba, har ta jawo mayafi.

"Ke Kulsumu, wa kike ma kunya?" in ji Fatimatu tana dariya. "Wanga gilashi na. Shi yana can Ƙaura, bai ganin ki."

Ta ɗan saci kallo, ta sake, daga nan ba ta ƙara ɗauke ido ba har aka gama. Ashe kunnuwan Labbo gare shi. Ashe idan zai faɗi kalma mai nauyi sai ya ɗaga gira ɗaya, kamar mahaifinta. Akwai wani tabo a haɓarsa da ba ta san ranar da ya same shi ba, wannan ya tsaya mata a rai kwana da kwanaki. Mutumin ya doshi shekara arba'in, kuma ranar ce uwarsa ta fara ƙare masa kallo.

Tun daga lokacin gyaɗar gidan Maigari ba ta ƙarewa. Kullum la'asar Kulsumu za ta ɗauki faifai ta tafi taya ɓara, ko da a tsakiyar damina ne da babu ƙwayar gyaɗa a rumbun kowa. Matan gidan sun gane, amma ba wadda ta taɓa cewa uffan, sai dai su matsa mata wurin da ya fi fuskantar akwatin. Ba labaran ke kai ta ba. Da za a tsare ta a tambaye ta abin da aka ce game da rabon takin zamani ko gyaran hanyar Shinkafi, ba za ta iya faɗa ba. Ranar da batir ya mutu ko janareton Ƙaura ya ƙi tashi, tuwon gidanta kan yi gardama, autarta Mardiyya ta sha faɗan da ba ta san dalilinsa ba.

Da aka ƙaddamar da Shari'a tashar ta canza kama. Aka daina nuna makaɗa da 'yan wasan kwaikwayo, wa'azi da karatun littattafai suka cike gurbinsu, masu tallan da ke riƙe da ita suka ja baya. Kulsumu ba ta damu ba tunda ba a taɓa labarai ba. Ta cikin gilashin ta ga Maiwada ya tsayar da gemu, ta ga ya rame lokacin da matarsa ta yi doguwar jinya, sai Kulsumu ta aika masa Mardiyya da man gyaɗa da kuka ba tare da ta ce don me ba.

Wata Juma'a ya zo da kansa, ba Sallah ba, ba rasuwa ba. Ya durƙusa inda ya saba, ita kuma ta juya wa ƙofar gefe tana tankaɗe.

"Inna, shawara ta kawo ni," ya ce. "An ba ni aiki Gusau, wata sabuwar ma'aikata. Aikin ofis na, ba a ganin mutum. In na tahi, na bar talabijin ke nan. In kin ce in zauna, sai in zauna."

Kalma ɗaya ake nema a wurinta, kuma tana bakinta. Amma ta yaya za ta ce ya zauna ba ta faɗi dalili ba? Ta yaya mace irinta za ta buɗe baki ta gaya wa ɗan fari cewa kullum sai ta je ta zuba masa ido? Ta ci gaba da kaɗa rariya, garin ma ya riga ya ƙare.

"Mi nas sani ga aikinku?" ta ce. "Yi abin da kag ga ya hi. Allah shi yi albarka."

Ya jira ƙari. Da bai ji ba ya yi godiya ya tashi. A zaure ya ce wa Mardiyya dama ya san Inna ba ta damu da abin ba, ƙila ma ba ta taɓa kallo ba. Mardiyya ta buɗe baki ta rufe, don uwar ta riga ta ja mata kunne kan zancen gidan Maigari. Ko da yamma ta yi Kulsumu ba ta je gidan Maigari ba, ta ce kanta ke ciwo.

Wani saurayi aka sa a kujerar Maiwada. Kulsumu ta je sau ɗaya ta gani, ba ta koma ba. Tashar ma ba ta daɗe ba bayan haka: tsawa ta faɗa wa dogon ƙarfen a wata damina, aka rasa mai gyarawa, ma'aikatan suka watse, siton ya koma wurin ajiye buhunan gero. Fatimatu ta sha gaya mata cewa ita ta yi wa kanta, Kulsumu kuma ba ta taɓa musawa ba. Ta yi da-na-sanin wannan Juma'a fiye da komai a rayuwarta.

Daga baya idanunta suka soma hazo. Ta ɓoye, ta ce hayaƙin tuya ne, sai da ta fara tuntuɓe da turmi aka kai ta asibiti. Likita ya duba ya ce an makara, jijiyar idon ta riga ta mutu.

Maiwada ya baro Gusau ya zo duba ta. Ya durƙusa bakin ƙofa, kai a ƙasa, ya gaishe ta. Mardiyya da ke zaune gefe ta ga abin da ba ta taɓa gani ba: Kulsumu ta juyo gaba ɗaya, ta fuskanci inda muryar ke fitowa.

"Matso," ta ce. Ya matso. "Ɗago kanka."

Ya ɗago a hankali. Ta tsayar da idanun nan a kansa, ta daɗe a haka.

"Madalla," ta ce. "Tashi ka ci abinci."

Sai da ƙarar motarsa ta ɓace a hanyar Zurmi ta laluba ta kamo hannun Mardiyya, ta rage murya.

"Gaya min gaskiya," ta ce. "Ya ɗago kuwa?"